Fiyanon Saurayin Anti Hauwa

Ni fa ina zamana a shagon tura waƙoƙi yayata Hauwa ta jawo ni har unguwar Gesse. Saurayinta mai karatu a Turai ya turo mata kiɗan fiyano, babu ko kalma ɗaya.

"Kai da ka san kiɗa, mi yake nufi?"

Na lumshe ido kamar likita. Kiɗa sanyi-sanyi, yana jan ƙafa.

"Anti, wanga na makoki ne. Sallamarki ya yi."

Ta sha kuka, ta toshe lambarsa. Ashe kiɗan bege ne, kewarta yake! Sai da kawunsa ya taso daga Argungu ban haƙuri.

Har yau Farfesa ake kirana. Na ce laifin saurayin ne, bai yi magana ba.

Anti ta ce, "Kai ma da ka yi koyi da shi."