Baƙaƙen Haƙoran Kaka Nhai

"Lafiya lau na kwana, likitan bogi. Wannan kujera ce ko gadon yankan alade?"

Kaka Nhai ke nan, tana hawa kujerar asibitin haƙori na jikanta Khiem a garin Bac Ninh. Shekararta tamanin da tara, haƙora huɗu suka rage mata, baƙaƙe wuluk masu sheƙi, rinin ado da aka yi musu tun tana budurwa. Duk ƙauyensu babu sauran mai irinsu, kuma ta san da haka. Khiem kuwa ya ga hoton ƙashin bakin tun makon jiya, abin da ya gani bai yi masa daɗi ba.

"Buɗe bakin, Kaka. Tofar da goron tukuna."

"Ka taɓa su da ladabi, sun girmi ubanka."

Ya ɗora yatsa a kan na gaba, haƙori ya kwanta, ya dawo.

"Wannan ai gaishe ni yake yi. Har da rusunawa."

"Tarbiyya gare shi, ba irinka ba."

"Kaka, ƙashin da ke riƙe da su ya cinye. Ga ruwa yana fita ta dasashi. Addu'a ce kawai ke tsaye da su, sai an cire duka huɗun."

"Ƙarya kake. Jiya na sha rake."

"An matse miki a kofi. Inna ta faɗa min."

"Ramuwa ce dai. Don na cire naka da zare kana yaro, kana ta ihu har agwagin maƙwabta suka watse."

"Guda shida, ba allura ba komai. Yau Allah ya kawo ki hannuna."

Ta yi dariya har haƙoran suka kaɗa. Sai kuma ta shiga murza bakin gyalenta.

"In ka cire, fararen nan za ka sa min? Irin na kare?"

"Irin na 'yan talabijin."

"Kakanka Tuat saboda haƙoran nan ya bi ni daga kasuwa har gida, ya bar kwandon kifinsa a hanya. In na je masa can lahira da farin baki, wuce ni zai yi, bai gane ni ba."

Nan tausayinta ya kama Khiem, duk da dai ya san za a zo wurin. Ya jawo aljihun tebur ya fito da haƙori ɗaya na roba, baƙi ƙirin. Sati guda ya yi suna fama da mai haɗa haƙora kafin launin ya zauna, har mutumin ya fara yi masa kallon mai taɓin hankali.

"Ga samfuri. Cike da baki zan jera miki irinsa."

Ta karɓa, ta juya shi a hasken taga, ta goge shi da gyale.

"Bai kai nawa sheƙi ba."

"Za a ƙara."

"Cike da baki, ka ce?"

"Ashirin da takwas."

"Kai, Tuat ya shiga uku. Da huɗu ya bar ni, zan je masa amarya." Ta kwance ƙullin goronta ta dangwara masa a tafin hannu. "Ungo ladanka, ɗan banza. Ka cire a hankali, kuma ka naɗe min su a tsumma. In ya yi gardama, in nuna masa shaida."