Ɗalibar da ban taɓa gani a aji ba

Ba zan taɓa mantawa da jadawalin da na manna a bangon aji uku ba, ko da kuwa na so in manta. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta ce, kuɗin fetur sun shigo, Kano ta cika da sababbin motoci da babura, ni kuma sabuwar malama ce a wata firamare da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne. Wata biyu da tarewarmu aka tura shi kwas Ikko na shekara guda, ya bar ni a ɗaki biyu na haya a Fagge, cikin gidan da ban san kowa ba.

A garinmu ni 'yar gidan alƙali ce, ko rijiya na nufa sai na amsa gaisuwa goma. A Fagge kuwa sai in wuni, in ban da "sannu da zuwa" babu abin da ya haɗa ni da matan gidan. Su 'yan kasuwa ne, da safe sun fita, da yamma sun gaji. A makaranta ma haka. Malamai sun daɗe tare, suna da barkwancinsu da ban san tushensa ba. Lokacin hutun tara sai in zauna a aji in ci ƙosaina ina kallon taga. (Daga baya na ji wai cewa suke girman kai gare ni. Ni kuwa tsoron buɗe baki nake.)

To, wanda ba shi da abokin hira sai ya nemi abin yi. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa kada a tsaya ga jarrabawar ƙarshen zango, a rarraba abin da ake so yaro ya iya, a riƙa bin kowane yaro ana sa masa alama idan ya ƙware. Na sayi manyan kwalaye, na ja layuka da rula. A gefe sunayen yara, a sama abubuwan da ake nema: tarawa, ɗebewa, sau, rabawa, shifta, karatu, insha'i. Wanda ya iya abu in sa masa alama da jan biro. Asabar da Lahadi a kan kwalayen nan nake ƙare su.

Sai dai an ce mana a kira yaro a gwada shi ido da ido. Ni yarana sun haura saba'in, wasu a benci, wasu a ƙasa. Sai na yi wa kaina fatawa: ai aikin gida ma gwaji ne. In kwaso littattafansu in kai gida, bayan la'asar in baje a tabarma, wanda ya yi daidai in sa masa alama washegari.

A nan na gamu da littafin Rashida. Yarinya ce 'yar Yarbawan Fagge, shiru-shiru, tana zama can baya kusa da ƙofa. A aji ban taɓa jin muryarta ba, amma littafinta abin kallo ne. Rubutu manya-manya, an danne fensir kamar za a huda takarda. Da farko akwai kurakurai, amma duk abin da na gyara ba ya sake dawowa. Na fara rubuta mata "Madalla". Daga nan na koma rubuta layi biyu, uku. Wata rana na tarar a ƙasan aikin an rubuta, "Na gode Malama, Allah ya ƙara basira." Na daɗe ina kallon layin nan. A duk faɗin Kano, wannan ce wasiƙar farko da wani ya rubuto mini.

Daga ranar littafinta nake ajiyewa ƙarshe, kamar yadda ake ajiye tsokar nama. Da na ba su insha'i a kan kasuwa, ta rubuto cewa atamfar da ake sarowa a kasuwar Kwari ta yi tsada, masu saye kuma sai yawan taya, ga ciwon baya. Yarinya 'yar shekara tara da ciwon baya. Ni kuma na rubuta, "Kin iya lura da duniya." (Ku yi dariyarku, na yafe.)

Ana cikin zango na biyu hedimasta ya ce sufeton makarantu zai zo. Sufeton dattijo ne, Alhaji, mai magana a hankali. Da ya shigo ajina ya ga kwalaye sun rufe bango, sai ya tsaya ya gyara tabarau.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya juya wurin hedimasta. "A kira sauran malamai su gani. Abin da muke ta faɗa ke nan."

Suka shigo suka jeru a bango, mutanen da wata biyar ban yi doguwar magana da ɗayansu ba. Zuciyata ta cika. Na ce a raina yau za su san da ni. Sufeto ya ce zai ɗauki yaro ɗaya ya gwada, ya kai yatsa kan wani suna. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ga wadda ta cike layinta gaba ɗaya."

Rashida ta taso tana jan ƙafa. Ya rubuta tamanin da huɗu a raba huɗu, ya miƙa mata alli. Ta riƙe allin tana kallon allo. Na ce kunya ce. Ya ce babu komai, bari ta karanta masa insha'inta. Na buɗe littafin da hannuna na ba ta. Ta sa yatsa a kalmar farko, ta ce "ka", ta tsaya.

Sufeto ya sunkuya. "'Yata, wa ya rubuta wannan?"

"Alhaja ce."

"Wace Alhaja?"

"Mamata. Ita take yi a rumfa." Sai ta juyo gare ni, da zuciya ɗaya. "Malama, ta ce in tambaye ki ko jan bironki ya ƙare, jiya ba ki rubuta mata komai ba."

Wani malami ya yi tari ya fita waje. Na san ba tari ba ne. Ni dai ina tsaye, ina fata ƙasa ta tsage. Sufeto bai ɗaga murya ba. Ya kira yara biyar masu alamomi da yawa, uku suka kasa. Ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Malama, wannan layin na Alhaja ne, a kai mata sakamakonta. Yarinyar kuma a buɗe mata nata, don har yanzu ba a fara koya mata ba."

Maganar ƙarshen nan ta fi dariyar malamai yi mini ciwo, domin gaskiya ce. Wata biyar yarinya tana zaune a gabana ba ta iya haɗa baƙi ba, ni ina can ina hira da littafi.

Ranar Asabar na tafi kasuwar Sabon Gari da niyyar faɗa. Na yi ta tambaya har na sami rumfar. Mace ce babba, mai fara'a, atamfofi jere har sama. Tana jin sunana ta miƙe ta kama hannuna biyu.

"Ke ce Malamata? Ashe yarinya ce ke. Zauna, zauna."

Ta sa aka kawo mini amala da miya, ta hana ni magana sai da na ci. Ta ce aji biyu ta yi tana ƙarama aka cire ta aka sa ta kasuwa. Ranar farko taimaka wa Rashida kawai ta yi, da ta ga "Madalla" sai abin ya shiga ranta. Na gaya mata abin da ya faru a gaban sufeto, da halin da 'yarta take ciki. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Wallahi ban san cutarta nake yi ba, Malama. Na ɗauka tana gani tana koya." Ta share ido. Can kuma ta ɗago. "To ni yanzu aji nawa nake?"

Faɗan da na zo da shi ya tsere. Muka yi sharaɗi: Rashida ta yi aikinta da hannunta, Alhaja ta sayi nata littafin, ni kuma in riƙa zuwa duk Asabar in duba. Haka na yi ta zuwa har maigidana ya dawo, bayan ya dawo ma ban fasa ba.

Rahoton sufeto ya ja mini jinkirin ƙarin girma na shekara guda. Na sauke kwalayen na ja sababbi, na koma kiran yara biyar-biyar gaban tebur kowace rana. Jan biro ya yi ƙaranci a bangon, abin ba kyan gani. Rashida sai ƙarshen shekara ta karanta shafi guda ba tare da tsayawa ba, rabawa kuwa sai a aji huɗu.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan wannan. Duk sabuwar malamar da ta zo tana yaba mini littafin wani yaro, nakan ce ta kira shi ya karanta a gabanta. In kuma aikin ya cika kyau, ta tambayi lafiyar mutanen gidansu, wataƙila tana da ɗalibi a kasuwa ba ta sani ba.