Allon da na kafa a bakin kwana

Ba zan taɓa mantawa da makona na biyu a ma'aikatar gyaran hanyoyi ta Konni ba. Lokacin ina da sabuwar takardar gama lakwal, wato makaranta, da biro biyu a aljihun gaba, ina jin duk buron nan, wato ofishinmu, ba wanda ya kai ni (alhali ko keke ban iya sosai ba). Shef, wato shugabanmu, ya ba ni leburori uku da buhun siminti, ya ce in je in kafa allon gargaɗi na wata muguwar kwana a hanyar Illela, wadda ta sha kayar da motoci. Da la'asar zai zo ya duba. Gwaji ake yi mini, in na ɓata aikin sai gida.

Muka isa. Na dubi kwana, na dubi allo, na ce a haƙa nan, daidai inda hanya ta karya. Babban leburan, Baba Illa, ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa ni na yi karatun, ba shi ba. Ya ɗauki diga.

Mun gama zuba siminti ina ta yaba kaina, sai ga kamyon albasa ya taho a guje. Direban ya taka birki har ƙura ta rufe mu. Ya sauko, dattijo ne mai furfura, ya zagaya allon sau biyu, ya kira ni da mushe, wato malam a bakin masu faransanci.

"Mushe, wa ya kafa wanga?"

"Ni ne," na ce, har da gyara wuyan riga.

"To na gargaɗi ne ko na ta'aziyya? Wanda ya gan shi nan ai ya riga ya faɗa rami."

Leburori suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ashe doka ta ce allon haɗari can baya ake kafa shi, kamar mita ɗari da hamsin kafin wurin, don mai mota ya samu rage gudu. Yana rubuce cikin littafin da shef ya ba ni, wanda na bari ƙarƙashin matashi.

Bawan Allah nan bai tafi ba. Ya auna mini nisan da takunsa, ya sa hannu muka tumɓuke ƙarfen tun siminti bai kama ba. Da shef ya zo ya ce aiki ya yi kyau, Baba Illa ya dube ni, ya ce, "Mushe ai ya san aikinai." Haka ya rufa mini asiri.

Na shekara ashirin da shida a wannan aiki albarkacin mutum biyun nan, direban ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya saka musu da alheri. Tun ranar, in tsohon lebura ya buɗe baki, nawa nake rufewa.