Man Gyaɗa a Haƙoran Keken Malam

Jiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallamar maigidana, Malam Ɗantsoho, wanda ya fita tun da sassafe zai je shuka. Shekaranjiya aka yi ruwan da kowa ke jira, ƙasa ta jiƙu, unguwa ta watse zuwa gona. Shi kuwa ga shi ya dawo yana tura keke, irin gero na ɗaure a kariya yadda na ɗaure shi. Ya ce ko fita gari bai yi ba. Duk ya taka feda da ƙarfi sai sarƙa ta zame ta tsallake haƙoran baya, ƙafarsa ta tafi a banza, sau biyu ya kusa faɗawa kwalbati. Ya jingine keken ya zauna yana murza gwiwa. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

'Ya'yana masu karatu, gonarmu tana can gefen hanyar Mai'adua, tafiyar da gwiwar Malam ta daina yi a ƙafa shekara biyar ke nan. Laima kuwa kwana biyu ce, in ta yi kirki uku. In ta wuce sai a jira wani ruwan, ana kallon geron maƙwabta yana tsirowa.

Keken na tallafi ne. Bara da man fetur ya gagari talaka, Mai Girma Shugaban Kwamitin Tausaya Mana, Allah ya ƙara masa tausayi, ya zo da motoci bakwai ya shaida mana lokacin hawa keke ya yi. Ya ɗaga keke guda da yatsu biyu don a ga rashin nauyinsa, ya ce giya tara gare shi, irin wanda ake tsere da shi a ƙasashen waje. Ba wanda ya tambaye shi ko a can ma da rairayi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa har sau uku. Ni ce tsohuwar. Ni ce kuma na hana Malam sakat har sai da ya ba ƙanena Auta tsohon kekensa na baƙin ƙarfe ya tafi da shi Mashi. Na ce mutum ba ya ajiye tarkacen ƙarfe a gida alhali manya sun ba shi na zamani.

Kwana uku da zuwansa sabon keke ya fara kuka. Jerin faya-fayen nan masu haƙora da ke ƙafar baya, inda sarƙa ke hawa da sauka in an canza giya, su ne ke ƙarar-ƙarar kamar ana jan gwangwani. Kunnen Malam ya yi nauyi, shi bai ji ba. Amma maƙwabciyata Kulu ta ji. Ta ce ita yanzu ba ta duba inuwa, in ta ji keken gwamnati ya shawo kwana ta san lokacin ɗora tukunya ya yi.

To ni sana'ata matsar man gyaɗa ce, kuma a sanina duk abin da ke ƙara ƙishin mai yake ji. Ƙyaure ma haka nake masa. Da Malam ya tafi masallaci na ɗebo ludayi guda na kwarara wa haƙoran nan, mai kyau, na farkon matsa, wanda ko jikokina ba na zuba wa a wake da shinkafa. Keke ya yi shiru kwana biyu, har na leƙa ta katanga na tambayi Kulu ko ta makara da girki. Da kukan ya dawo da gurnani a ciki, na ce bai ƙoshi ba ne, na ƙara. Haka na yi ta yi duk rani. Kiyashi suka tare a ƙafar baya, akuyata ta mai da wurin kantin lasa, ni dai ban fasa ba.

Shi ya sa jiya ban jira an aike ni ba. Na yafa mayafi na tura keken da kaina har shagon Eberechukwu, mai kayan keke da babur, wanda ya fi wasu 'yan garin daɗewa a Daura. Ya tsuguna ya lakato baƙin abin da ke tsakanin haƙoran, ya murza, ya sansana.

"Mama, wa yake soya ƙuli a keken nan?"

Na ce ban sani ba, wataƙila daga kamfani ya zo haka. Ya ce to kamfanin ya iya matsar gyaɗa.

Ya yi mini bayani a hankali, ni kuma ina kallon ƙasa. Ya ce don keken ya yi sauƙin ɗauka aka yi manyan faya-fayen da alminiyam irin na tukunya, kuma su ne Malam ke hawa kullum saboda rairayi da kaya. Ko an kula da su ba za su yi ƙarkon ƙarfe ba. Ni kuma na haɗa musu mai da yashi, sarƙa ta yi ta niƙa su har suka kwanta gefe guda kamar bakin lauje. Abin da ake yi, a wanke da kananzir, a goge ya bushe, a ɗiga man keke kaɗan a sarƙa kawai, a sake gogewa. Sannan ya nuna mini wani ɗan noti. Ya ce kukan farko, wanda ya tsone mini kunne, waɗanda suka harhaɗa keken ne ba su saita shi ba. Da an murza wannan rabin juyi, da ya yi shiru tun ranar.

Irin wannan jerin haƙoran babu a shagonsa, sai an aiko daga Kano, ya ce in tambayi waɗanda suka raba. Na je ofishin kwamitin. Ranka Ya Daɗe Magatakarda ya karɓe ni da fara'a, ya ce su kwamitin rabo ne, gyara na wani kwamitin ne, kuma ana nan ana shirin ƙaddamar da shi. Na ce laima na bushewa. Ya ce zai sa a rahoto. Ya rubuta sunana da unguwarmu da rubutu mai kyau, Allah ya saka masa.

Na koma wurin Eberechukwu na ce ya yi duk yadda zai yi, Malam dai ya isa gona. Ya duba ya sami faifai ɗaya na tsakiya, na ƙarfe, da sauran rai. Ya cire abin canza giyar gaba ɗaya, ya sa sabuwar sarƙa ya rage mata tsawo ya ɗora ta a kai. Keke mai giya tara ya koma mai ɗaya. Ya ce a rairayi sai Malam ya sauka ya tura, amma zai kai shi ya dawo da shi.

Da la'asar na durƙusa na faɗa wa Malam gaskiya, har da ludayi. Ya ce ai ya sani, tun watan azumi wandonsa ke ƙamshin ƙuli, kuma karnukan hanya ba su taɓa yi masa rakiya haka ba. Na ce me ya hana shi magana.

"Na ga kin fi kwamitin kula da shi ne," in ji shi.

Yau da asuba ya fita, ya dawo bayan azahar ƙafa duk taɓo. Ya shuka fiye da rabi. Gefen tudu ya riga ya sha iska, ya ce ba zai jefa iri a wurin ba, sai wani ruwan. Laifin wannan gefen nawa ne, ba na kwamiti ba, na karɓa.

Bai gama wanke ƙafa ba muka ji mota a ƙofar gida. Ashe sunan da na bari a ofis ya tuna wa 'yan kwamiti ba su da hoton wanda ya amfana. Mai hoto ya tsayar da Malam riƙe da keke, ya ce ni ma in shigo. Nan fa damar ta zo, duk abin da na rubuta muku yana bakina. Sai na ga ƙafafuna sun kai ni daidai ƙafar baya, na baza zane na rufe wurin ruf. Suka tambaye ni yaya keke, na ce ai bai taɓa ba mu matsala ba.

In kun ga hoton a allon bakin hanya, mai murmushin nan ta hagu ni ce. Kada ku ce in matsa.