Yadda Za Ki Zagaya da Suruka Gidan Zanen da Ba Ki Taɓa Leƙawa Ba

Ke 'yar Pompei, an haife ki a gindin kangon Romawa amma ba ki taɓa shiga ba, don kallon kango aikin baƙi ne. Ga shi yau suruka na so ki zagaya da ita gidan zanen da ke cikin kangon. Bi matakan nan, na yi miki alkawari ba za ki ji kunya ba. Maƙwabciyata Filomena ta gwada su a kan Ornella, malamar tarihi daga Milano, wadda ta rantse ɗan Filomena ba zai auri 'yarta ba sai ta ga akwai ilimi a gidansu.

1. Ki shige gaba.
Jagora ba ya tambayar hanya. Sau biyu Filomena tana kai su Ornella ƙofar banɗaki. "Da gangan ne, surukata. Daga nan masana ke farawa."

2. Ki raina zanen.
In kun shiga ɗakin nan mai jan bango, ban da sakin baki kamar Bajamushe. Ki yatsine fuska: "Ya koɗe. Muna 'yan mata ya fi haka ja."

3. Wanda ba ki sani ba, ki yi gulmarsa.
"Waccan mai rawa tsirara, na san irinsu. Dubi uwar a zaune, ko tsawa babu." Shekara dubu biyu da mutuwa, ba za su kai ƙara ba.

4. Ki bar kyandir a gida.
Nan Filomena ta zame. Ta hango zanen wani namiji sheme a cinyar mace, sai ta yi alamar gicciye, ta zaro kyandir daga jaka za ta kunna masa.
"Waliyyi ne, bawan Allah. Azumi ya kayar da shi."
"Uwargida Filomena," in ji Ornella, "gunkin giya ne fa. A buge yake."
Ciro, ɗan Filomena, ya dafe kai. "Mama, kin kashe ni."

5. In asiri ya tonu, ki jawo mijinki.
Filomena ta ƙura wa bangon ido. "Haba, shi ya sa! Tun ɗazu nake cewa na san kwanciyar nan. Aniello nawa ne sak ranar Lahadi, har da takalmin nan ɗaya da ya fice."
Ornella ta tuntsire da dariya har mai gadi ya leƙo.
"Ke kin yi sa'a, 'yar uwa. Naki a cinyarki yake faɗuwa. Nawa sai na bi unguwa ina cigiyar cinyar."
An sa biki watan Satumba.

Gargaɗi: in surukarki ta dace da miji na gari, dabarar nan ba ta ci, kuma kada ki zo min ƙofa. Ban san ki ba, Filomena ma gaisuwa ce kawai. Gidan kuwa, ni ma ban taɓa shiga ba.