Sarkin Lilon Romi da Tikitinsa Uku

Duk mai cewa babu manyan mutane a ƙetaren kogin Kaduna, to ƙafarsa ba ta taɓa taka unguwar Romi ba. A can Allah ya ajiye mana Cif Nicholas Bitrus, tsohon mai riƙe da makullin sito a wata masaƙa ta Kakuri, kuma mutum ɗaya tilo a faɗin Afirka ta Yamma da ya san tarihin gidajen wasa ciki da bai. Wannan na ƙarshen ba mu muka faɗa ba, shi ya faɗa, kuma wa ya isa ya musa wa masani? Sarautar Cif ɗin ma bai wahalar da kowa wajen naɗi ba. Wata safiya ya tashi ya ga ta dace da shi, sai ya ɗauka. Matasan layi suka ƙara masa da Sarkin Lilo, suna faɗa suna ƙunshe dariya. Shi kuwa daɗi ya kashe shi, har ya sa aka buga masa a kati.

Ka shiga falonsa ka sha kallo! Bango huɗu, babu inda za ka ɗora tafin hannu. Taswirorin gidajen wasa ne na ƙasashen Turai, masu zanen jiragen ƙasa da ke tafiya kai a ƙasa, da tsofaffin takardun talla da suka koma launin shayi. Ga hulunan takarda a saman talabijin, ga kofunan roba masu hoton dawakan katako a kan kujerar da baƙo ya kamata ya zauna. Baƙo dai tsayuwa yake yi, kuma a tsaye zai sha lacca.

"Dubi nan," in ji Cif, yana nuni da tsinken tsintsiya. "Wannan lilon na Jamus ne. Idan ka shiga ta ƙofar gabas, kada ka bi dama, masu zuwa karo na farko ne ke wannan kuskuren. Ka bi hagu. Ni kullum hagu nake bi."

Gaskiya ne, kullum hagu yake bi, da ɗan yatsa a kan taswira. Iyakar tafiyar da Cif ya taɓa yi a duniya Zariya ce, ita ma jana'iza ta kai shi. Taswirorin nan duk ta hannun Madam Adaora suka iso, mai sayar da gwanjo a Sabon Tasha. Idan ta kwance dila takan lalube aljihun kwat-kwat, abin da Turawa suka manta a ciki ta tara masa a leda. Cif ya naɗa ta Wakiliyarsa ta Ƙasashen Waje. Ita kuma tana kiransa Oga Shara, amma sai ya ba da baya.

Lilon kansa fa? Bai taɓa hawa ba, ko na igiya a gindin mangwaro. "Masani ba ya hawa," yakan ce, "nazari yake yi. Ka taɓa ganin likita ya kwanta da kansa an yi masa tiyata?"

Amma kambin dukiyar nan, abin da ya rataye a tsakiyar bango inda hoton aurensa yake a da, tikiti uku ne cikin gilashi. Na Lambun Annashuwa ne, wani gidan wasa da ya daɗe da rufewa, kuma na Kirsimetin 1988. Kore shar, ko lanƙwasa babu, ba a yaga ko kusurwa ɗaya ba.

"Kowa yana da rabin tikiti," in ji Cif, yana dafa ƙirji. "Cikakke kuwa, sai mai hangen nesa."

Yadda hangen nesan ya faru shi ne, a waccan Kirsimetin ya ɗauki matarsa Irene da 'yarsu Debby mai shekara shida, an yi mata kitso da sabuwar riga, suka je Lambun Annashuwa. Ya sayi tikiti uku. Mai tsaron ƙofa ya miƙo hannu zai yaga, kamar yadda ake yi wa kowa. Cif ya ce atafau, ba a yaga tarihi. Awa uku yana gardama, yarinya na riƙe da ƙarfen get tana kallon dawakan katako suna zagayawa da 'ya'yan wasu. Da rana ta yi sanyi suka koma gida da tikitinsu lafiya lau. Debby yanzu nas ce, shekararta arba'in da biyu, kuma har yau idan ta shigo falon ba ta kallon wannan bangon.

Irene mace ce mai haƙuri, amma a bana haƙurin ya ƙare. Layin karɓar taron zumuntar mata ya zo kanta, ga falo babu wurin ajiye ko kujera ɗaya.

"Baban Debby," ta ce, "ka samo wa takardun nan gida kafin Ista. In ba haka ba, wallahi ƙosai za a naɗe da su."

Cif ya yi dariyar manya. Amma ya san Irene ba ta rantsuwa sau biyu.

Ana cikin haka sai ga sa'a ta faɗo. Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada, Alhaji Shehu, ya gina sabon gidan wasa a bayan Sabon Tasha, ya raɗa masa Sabon Lambun Annashuwa. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a tsohon, shi ya sa yake ƙaunar sunan. Har sanarwa ya bayar a rediyo cewa duk mai tikitin tsohon lambun ya kawo, zai shiga kyauta ya hau abin da ya ga dama. Cif ya ji sanarwar ya yi tsaki. "Ji jahilci! A ba da zinariya don a hau ƙarfe."

Tsakin bai hana shi sa kwat ya tafi ofishin Alhajin da jakar taswirori ba. Ya yi bayani na awa biyu. Alhaji Shehu, ko don sha'awa ko don ya samu ya yi sallar azahar, ya ce ya ji ya yarda. Akwai ɗaki guda kusa da babban lilo, zai ba shi ya zuba kayansa mutane su riƙa kallo. Sharaɗi ɗaya ne: ranar buɗewa, Asabar ɗin da Ista za ta kama washegari, Cif ya zo ƙarfe goma daidai ya yanka ƙyalle.

"Ni mutum ne mai lokaci, Cif," in ji Alhaji. "Goma, goma ce."

Kai, ranar Romi ta ji a jikinta! Kafin Cif ya sauka daga Keke Napep, ɗakin ya zama zaure. Kafin ya kai bakin layi ya zama Cibiyar Nazarin Lilo ta Cif Nicholas Bitrus. Ya tsayar da mai gasa masara ya yi mata albishir cewa Turawa za su fara zuwa unguwar, ta gyara tirenta. A coci ya ba da shaida har sai da aka kashe masa makirfo. Da katin gayyata ya iso kuwa, sai da ya zauna. Fari ne sol, da rubutun ruwan zinariya, an rubuta "Cif Nicholas Bitrus da iyalinsa", kuma a kusurwa ga lamba: 001.

"Na ɗaya," ya ce. "Maman Debby, kin ga wanda kika aura?"

"Na gani tun tuni," in ji Irene.

Ranar Asabar aka loda katan goma sha huɗu a motar a-kori-kura. Cif ya tsara komai kamar mai shirin yaƙi. Babban mutum ba ya riga jama'a isa, saboda haka Irene da Debby da Wakiliyar Ƙasashen Waje za su yi gaba da gilashin tikitin nan uku, su jingine shi a babban tebur. Debby ta ce to ya ba su katin, tunda da shi ake shiga. Cif ya dube ta kamar ta nemi ƙodarsa.

"Katin nan ya shiga jakar mata, tare da man leɓe da goro? Ku dai ku ambaci sunana a ƙofa, za ku ga aiki."

Goma saura kwata ya iso a gaban motar kaya, da kwat mai ruwan toka, da sandar girma, da hular takarda ta wani gidan wasa na Ingila a kansa. Kiɗa na tashi, balan-balan ko'ina, ga ƙaton lilon nan mai kama da ƙafar keke ya tokare sama. A bakin get wata ƙatuwar mace ce cikin kakin masu gadi, an rubuta Becky a ƙirjinta, da kwando a gefen ƙafarta. Cif ya ɗaga katin sama da yatsu biyu don ta gani daga nesa. Ta miƙo hannu.

"Oga, kawo in yaga."

Jama'a, sai ka ce an watsa masa ruwan zafi.

"Ki yaga? Ki yaga me? 'Yata, kin san abin da ke gabanki kuwa? Wannan shi ne kati na farko, na rana ta farko, na lambu na farko irinsa a wannan ƙarni. Nan da shekara hamsin jikokinki za su yi layi su kalle shi. A ƙasashen da suka ci gaba, da safar hannu ake taɓa irinsa!"

"To a nan yagawa muke yi," in ji Becky. "Alhaji ya ce kada a ɗaga wa kowa ƙafa. Na mahaifiyarsa ma na yaga. Abeg, matsa gefe mutane su wuce."

Ya matsa, amma bai yi shiru ba. Ya kawo mata misalin Jamus. Ya kawo na Ingila. Ya ce a kira masa manaja, aka ce yana ciki. Ya buga wa Alhaji waya, kiɗa ya hana a ji. Becky na yaga na mutane tana jefa rabi a kwando, ƙyat, ƙyat, kowane ƙyat sai Cif ya runtse ido. Direban a-kori-kura ya leƙo ya ce, "Oga, goma fa ta gota." Cif ya ce ai taro ba ya farawa sai babban baƙo ya shiga, haka ake yi a ko'ina. A ransa kuwa tsoro ne fal. Ya san cibiyarsa na bayan ƙarfen nan, taku ashirin kacal. Sau biyu hannunsa ya fara miƙa katin, sau biyu idonsa ya faɗa kan 001, ya janye.

Goma da kwata kiɗa ya tsaya, muryar Alhaji Shehu ta fito a lasifika, yana dariya har yana tari.

"Jama'a, babban baƙonmu bai iso ba, amma Allah ya kawo mana waɗanda suka fi shi. Ɗazu wasu bayin Allah uku suka zo ba su da kati, sai suka buɗe wani gilashi suka ba da tikitin tsohon lambu, cikakku, na 1988! Wallahi ina ganinsu na gane su. Ni ne mai tsaron ƙofar da aka hana yagawa a ranar. Shekara talatin da shida abin yana damuna, saboda yarinyar da na bari tana kuka a get. Yau ga ta nan, kuma da hannuna na yaga mata!"

Wuri ya kaure da tafi da guɗa. Cif ya nemi abin dafawa, ya dafa Becky, ta ture hannun.

"Mama Irene ce za ta yanka mana ƙyalle," Alhaji ya ci gaba. "Ɗakin nan na kusa da lilo kuma na ba ta, ladan jira. Mama, me za ki yi da shi?"

Muryar Irene ta fito tangaran, har Kakuri an ji. "Ƙosai da kunu, Alhaji. Takardar naɗi ma ina da ita, katan goma sha huɗu."

Can sai ƙaton lilon ya motsa. Cif ya ɗaga kai, hular Ingila ta faɗo. Ga su nan suna hawa sama su uku a kujera ɗaya. Madam Adaora, wadda ta shiga da tikitin Cif na kansa, tana kiran Yesu da iyakar ƙarfinta. Irene ta cire ɗankwali tana kaɗawa. Debby kuwa, nas guda mai 'ya'ya uku, tana ihu tana dariya tana share hawaye, da wani ɗan guntun abu kore a hannunta tana nuna wa duk Kaduna.

Cif ya sauke kai. Ya rungume katinsa a ƙirji. Cibiya ta tafi, tikiti sun tafi, amma ai har yanzu shi ke da lamba ɗaya a duniya. Yana wannan lallashin kai idonsa ya sauka cikin kwandon Becky. Guntun kati na sama, 001. Na ƙarƙashinsa, 001. Ya tsuguna da kwat ɗinsa ya tona har ƙasa.

"Duk haka mai bugawa ya yi su," in ji Becky. "Guda ɗari biyar."

A daidai nan motar a-kori-kura ta tashi. Wani ma'aikaci ya buɗe mata ƙofar baya, katan goma sha huɗu suka shige lambu ba tare da an tambaye su kati ba. Cif ya zabura ya miƙa wa Becky nasa da hannu biyu.

"Yaga! Yaga, 'yata, don girman Allah, yaga!"

Becky ta dubi katin, ta dubi hular takardar da ke ƙasa, ta naɗe hannuwanta.

"Au, kai ne mai hular? Ai Mama Irene ta bar saƙo a kan mai hular takarda. Ta ce idan ka zo a ba ka kujera a nan, kada a wahalar da kai da shiga. Wai a duk gidajen wasan duniya, bakin get ne wurin da ka fi sani."