Lasifika Huɗu a Kan Akwatin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, ko da yake na gaji da tunawa. A gidan surukina Alhaji aka yi, a unguwar Mamobi, don can matata take wankan jego.

Alhaji yana da wata amfilifaya, wato akwatin ƙara murya, da ya zo da ita daga Makka, da lasifikarta guda ɗaya. Kunnensa ya yi nauyi, da ita yake jin karatun Alƙur'ani kullum da safe. Ko ƙura ba ya yarda wani ya goge mata. Ni kuwa da na ga layi ya cika da kujerun roba, sai na ce dole na bakin titi ma su ji sunan ɗana, tunda na shirya sa masa sunan Alhaji ban gaya wa Alhajin ba. Na durƙusa na ce, "Baba, a bar mini wannan, na san aikin waya." (Iyakar sanina, na taɓa canza filogin dutsen guga.)

Na bi maƙwabta na aro lasifika uku. Na fere wayoyin da haƙori, na murɗe su wuri ɗaya, na cusa a bayan akwatin. Ɗaya ta ƙi magana, ɗaya tana gurnani. Na cire jar waya na mayar da baƙa, na sake cirewa, har sabuwar shaddata ta jiƙe da gumi kafin duka huɗun suka amsa.

Malam Isufu, wani dattijo mutumin Nijar mai gyaran rediyo a unguwar Nima, ya leƙo ya ce, "Samari, om takwas aka rubuta a bayan amfilifayar, awon lasifikar da za ta iya ɗauka ke nan. Ka tara lasifika huɗu a baki ɗaya, awon ya faɗo om biyu. Za ta ja wuta fiye da ƙarfinta, kamar ka ɗora wa mutum buhu huɗu ne."

Na ce, "Malam, kayan Makka ne fa." Na ƙara murya.

Liman ya karɓi makirfo, ya yi addu'a, ya ce, "Sunan yaro..." Sai ƙaurin roba. Sai shiru. Wata maƙwabciya ta ƙwala ihu, "Ei! Akwatin Alhaji ya kama wuta o!" Kowa ya juyo, ga ni tsugune cikin hayaƙi, da guntun waya a baki.

Liman ya faɗi sunan da muryarsa kawai, kuma har na bakin titi sun ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba: Alhaji. Yana kallon akwatinsa aka sunkuya aka gaya masa a kunne. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Amfilifayar ba ta gyaru ba. Na kawo masa sabuwa, ya yi godiya, ya ce muryar ba ɗaya ba ce. Har yau Injiniya ake kirana a layin nan. Yanzu ko ƙwan lantarki ya mutu a gidan surukai, zama nake in naɗe hannu, in ce a kira Malam Isufu.